Ana ta kai, wa ke ta kaya?

Ku ji amsar da wani jami'in hukumar da ke binciken haɗari a wuraren aiki ya bayar. An tambaye shi me ya sa ƙorafin da ma'aikata suka kai kan tsagewar bangon ginin da suke aiki a ciki ya yi makonni a kan tebur babu wanda ya leƙa, sai ya ce wai su bi da bi suke aiki, wanda ya riga kawo ƙorafi shi ake fara saurara. Wallahi tun da na ji maganar nan raina yake a ɓace. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne waɗanda na ga suna kare shi, wai ai adalci ke nan, babu son kai.

Wane irin adalci? Hukumar da aka damƙa wa tsare rayukan jama'a ba ta da hurumin jera ƙorafi bisa ranar da ya shigo. Tambayar farko da ya kamata a yi wa kowace takarda ita ce: idan aka bar wannan zuwa gobe, wani zai iya mutuwa? Mutum nawa? Akwai yara a wurin, akwai marasa lafiya, akwai waɗanda ba za su iya gudu ba? Takardar da ke cewa bango ya tsage ko ana jin warin gas dole ta tsallake takardu ɗari masu cewa lasisin wane ya ƙare ko allon wane ya karkace. Ku je ɓangaren gaggawa na kowane asibiti. Mai ciwon kai ya zo tun asuba, sai ga wanda jini ke zuba daga wuyansa an shigo da shi yanzu. Akwai likitan da zai ce wa mai zubar jinin ya bi layi?

Ba yau aka fara biyan kuɗin wannan sakaci da rayuka ba. A Bangladesh, ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga tsaga a ginin Rana Plaza. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinkin tufafi komawa bakin aiki. Washegari ginin ya rufta da su, mutum 1,134 suka mutu. A tashar jiragen ruwa ta Beirut, tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret ya yi kusan shekara shida a cikin rumbun ajiya. Jami'an kwastam sun rubuta wasiƙu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, suna neman a kwashe shi. Wasiƙun suka yi ta yawo daga ofis zuwa ofis har ranar 4 ga Agustan 2020, lokacin da sinadarin ya tarwatse ya kashe sama da mutum 200. A Landan, mazauna benen Grenfell sun daɗe suna kuka kan haɗarin gobara kafin wutar Yunin 2017 ta ci mutum 72. A duk wuraren nan labari ya isa kunnen masu iko. An sani. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zare takardar daga cikin tarin 'yan'uwanta ya ce wannan ba ta kwana.

Na san za a ce ma'aikatan bincike sun yi kaɗan. To ai wannan shi ne babban dalilin da ya sa dole a zaɓa. Da kowace masana'anta tana da nata mai bincike, da ba mu yi wannan maganar ba. Idan mutum goma ne ke kula da wurare dubbai, duk ranar da aka tura ɗaya ya je ya auna faɗin allo, an hana shi zuwa inda ake ajiye sinadari mai kama wuta. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ita ma ba ta da isassun mutane, shi ya sa ta rubuta tsarinta a fili: haɗarin da ke gab da kashe mutum shi ne farko, sai inda aka riga aka yi asarar rai ko mummunan rauni, sannan sauran su biyo baya. Ƙananan ƙorafe-ƙorafe kuwa sau da yawa da waya ko wasiƙa ake warware su, a ba mai wuri wa'adi ya gyara ya kawo shaida.

Wasu kuma sun ce idan aka bar jami'i ya zaɓi abin da zai fara dubawa, an buɗe ƙofar cin hanci. Ƙofar nan a buɗe take tun da. Maganinta a rubuta ma'aunin a liƙa inda kowa zai gani: girman haɗari, yawan mutanen da abin zai shafa, da tarihin wurin, shin an taɓa kama shi da laifi, shin ƙorafi na ta maimaituwa a kansa. Wurin da mutum biyar daban-daban suka kai ƙaramin kuka a kansa ya cancanci ya hau sama. Mai ƙaramin ƙorafi shi ma a ba shi amsa, a gaya masa yaushe za a zo kansa, amma kada a saka ran wani a bayan nasa don kawai ya riga isa ofis. Haka nan mai manyan mutane a bayansa, ko mai yawan mabiya a intanet, ƙarfin muryarsa bai kamata ya matsar da takardarsa ko taki ɗaya ba.

Sannan don Allah a daina sanar da masu wuri ranar da za a zo bincike. Ana faɗa, za ka ga an share ko'ina, an fito da sababbin hulunan kariya daga cikin leda, an buɗe ƙofar gudun gobara da ta shekara da kwaɗo, an aro tukunyar kashe wuta an rataye. Mai bincike na juya baya a mayar da kwaɗon. Shi kuma ma'aikacin da ya yi ta maza ya kai ƙorafin, sau da yawa kafin mai binciken ya iso sunansa ya riga ya isa kunnen maigidansa, kuma ƙarshen wata da takardar sallama zai koma wa iyalinsa.