Rautar Tawa Ce, Mabuɗinta Yana Ofishinsu

Kamfanin da ya ja mini wayar intanet zuwa gida ya karɓi kuɗin rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet ga na'urorin gida, cif, har da rasit, amma har yau ni baƙo ne a cikinta. Kalmar sirrin da suka ba ni iyakarta in canza sunan wai-fai da lambar shiga. Shafin da ake tsara adireshi da raba hanyoyi kuwa a kulle yake. Wannan wane irin ciniki ne, fisabilillahi?

Abin da nake nema ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai iyalina a ciki, akwai shagon POS da firinta a ƙofar gida, akwai kyamarorin tsaro, ga ɗan haya da muke haɗa kuɗin wata. Duk an cusa mu a layi ɗaya mai jerin adireshin 192.168.1.0, mai ɗaukar na'ura 254, kowa yana ganin kowa. Yaron da ya zo cirar kuɗi aka ba shi wai-fai don ya duba alat, wayarsa tana iya kaiwa ga na'urar da ke ajiye bidiyon tsakar gidana. Gida ne ba zaure ba labule, daga titi sai ɗakin matar gida. Wane magidanci ne zai lamunci haka?

Gyaran kuma sananne ne. A ba iyali 192.168.10.0, shago 192.168.20.0, kyamarori 192.168.30.0, kowane ɓangare da VLAN ɗinsa, wato keɓaɓɓen layinsa a cikin rauta ɗaya. Raba adireshi kaɗai ba ya hana komai, domin aikin rauta ke nan ta sada ɓangarori, sai an kafa doka a shingen tsaronta: wayata ta ga kyamara, kyamara kada ta ga kowa, baƙo ya fita intanet kawai ya kama gabansa. Adireshin nan ba na kamfani ba ne balle a ce tsada. Tun 1994 aka ware jerin da ke farawa da 10, da 172.16, da 192.168 don amfanin cikin gida, kyauta, ba sai da izinin kowa ba.

Kada wani ya ce tsoro ne ya yi mini yawa. A 2016 manhajar ɓarna mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin ɗaukar bidiyo, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta kawai. Da su aka kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix a watan Oktoban shekarar. Irin kyamarorin nan masu araha su ne cike da kasuwanninmu, waɗanda daga ranar da aka ɗaura su ba mai sake sabunta manhajarsu.

Na kira layin kula da abokan hulɗa. "Alhaji, ka kashe ka kunna." Na ce baiwar Allah, intanet yana aiki, raba shi nake so in yi. "To Alhaji, ka danna ɗan ramin da ke bayanta da tsinke." Haba! Da injiniyansu ya zo, yaro mai ladabi, kuma wallahi ya fahimci maganata sarai, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Yallaɓai, dokar kamfani ce, sai dai ka koma tsarin 'yan kasuwa." Wato in ƙara kuɗi kowane wata don a buɗe mini shafin da yake cikin na'urar tun daga masana'anta. Ya ce in yi amfani da wai-fai na baƙi. Wannan ai na iska ne kawai, kyamarorina da kwamfutar shago duk a waya suke.

Na ce to shi ke nan, ku mai da rautarku gada, ta miƙa intanet kai tsaye ga tawa, in ji da sauran. Nan ma a'a. Dole na sayi tawa rautar, ƙirar MikroTik, na jona a bayan tasu, yanzu NAT, wato canza adireshin cikin gida zuwa na waje, biyu ne a jere, kowane saƙo sai an canza masa adireshi sau biyu kafin ya bar gida. Ashe ma akwai na uku a wajensu, don adireshin da suka ba ni da 100.64 ya fara, irin wanda ake tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya na waje. Idan ina kasuwa ba ni da hanyar leƙa kyamarorina kai tsaye, sai bidiyon gidana ya bi ta sabar kamfanin da ya ƙera su a wata ƙasa. Ba wanda ya faɗa mini wannan ranar da ake karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne su suna shiga rautar daga ofis duk sanda suka ga dama. Na roƙi injiniyan ya kashe wai-fai ɗinta don kada ya riƙa karo da nawa, ya kashe. Suka turo sabuntawa da dare, gari ya waye ya dawo a kunne, da kalmar sirrin da ke rubuce a takardar da ke manne a jikinta, wadda duk wanda ya taɓa zama a shago ya gani. Sai da na ga intanet yana jan ƙafa na gane samarin layi sun samu garaɓasa.

An ƙara kuɗin sadarwa da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, muka haɗiye muka biya. Na rubuta musu takarda: ko su ba ni cikakkiyar kalmar sirri, ko su kunna gadar. Idan ba haka ba, ƙarshen watan nan su turo mai tsani ya kwance wayarsu daga katangata.