Faɗuwar gaban safiya da giyar leda: shirunmu a Legas ya yi yawa

Tun watan Fabrairun 2024 da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta fara aiwatar da haramcin sayar da barasa a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba ake ta ja-in-ja. Masu kamfanoni suka yi kukan jari, ma'aikatansu suka yi zanga-zanga a nan Legas, aka ɗage wa'adi, alhali tun 2018 aka ba su shekara biyar su shirya. Hujjarsu ta cewa mutane za su rasa aiki ba ta kai a tsaya a kanta ba, don babu sana'ar da ta halatta a sayar wa yaro guba da kuɗin alawa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda mutanenmu suka karɓi maganar. A majalisa da shafukan sada zumunta amsar ɗaya ce: rigimar 'yan Kudu ce, Bahaushe ba ya shan giya, ina ruwanmu?

Duk wanda ya zauna Agege, Mile 12, Idi-Araba ko Alaba Rago ya san wannan magana yaudarar kai ce. Je ka bakin tasha da sassafe ka tsaya kusa da tiren mai paraga, wato jiƙon magani na barasa. Ledoji ne jere a rataye, da kwalabe cike da saiwoyi da ɓawon itace a jiƙe cikin ogogoro, barasar gargajiya mai ƙarfi. Ba a kiransu giya. Wannan maganin basir ne, wancan na sanyi, wancan na ciwon baya, wancan na ƙarfin maza. Yaron da ya baro ƙauye yana dako ko acaba ko gadi, wanda ba zai taɓa shiga mashaya ya riƙe kwalba ba, shi ne zai miƙa 'yan canji, ya ɓula leda da haƙori, ya zuƙe a tsaye, ya goge baki. Giyar kwalba ba ta cika wuce kashi 5 cikin ɗari na barasa ba, wasu na leda kuwa suna kai kashi 40.

Washegari kuma sai abin da ba wanda yake son faɗa. Ya farka tun kafin kiran Asuba, zuciya na dukan uku-uku, gumi ya jiƙa riga, hannu na rawa, ga tsoro mara dalili kamar za a aiko masa da mummunan labari. Ka tambaye shi, ya ce, "Wallahi Yaya, gabana ne ke faɗuwa, ban san me ya same ni ba."

Abin da ya same shi sananne ne a likitance. Barasa tana ƙara ƙarfin wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira GABA, mai kwantar da jiki, tana kuma danne glutamet, mai zaburar da shi. Shi ya sa mai sha yake jin damuwarsa ta yaye. Amma ƙwaƙwalwa ba ta zuba ido, tana ja ta ɗaya gefen don ta daidaita al'amura. Kamar mutum biyu ne ke jan igiya, ɗaya ya saki babu sanarwa: da barasar ta fita daga jini cikin 'yan awoyi, sai mutum ya zame can ɓangaren firgici. Sinadarin kotisol na tashin hankali ya hau, barcin da aka yi bai huce gajiya ba, jiki ya rasa ruwa. A kan yaronmu kuma akwai ƙarin kaya. Ya san ya saɓa wa Allah, sallah ta wuce shi, yana tunanin ko wani ɗan garinsu ya gan shi yana tangaɗi, ko labari zai kai kunnen mahaifiyarsa. Wanda da ma mai yawan damuwa ne ko mai kunya, abin ya fi yi masa tsanani.

A nan ne shirunmu yake kisa. Tun da ba shi da wanda zai gaya wa, abokin shansa ne likitansa, maganin kuwa biyu ne. Na farko, "ƙara ɗaya ka warware." Kuma yana warwarewa na ɗan lokaci, wannan ne mugun abin, domin daga ranar da mutum ya fara sha don ya kashe fargabar da shan jiya ya haifar, ya shiga hanyar da fita ke da wuya. Na biyu, a ruga kemis a sayi diyazefam ko tiramadol babu takardar likita. Diyazefam da barasa dukansu suna rage numfashi, haɗa su na iya sa mutum ya kwanta bai tashi ba. Tiramadol kuma na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasan Arewa kafin gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, lokacin ma sai da abin ya ci gidaje muka yarda akwai shi.

Sai masu cewa iska ce ko sammu, a kai shi a yi ta turare da rubutu ba a tambaye shi me ya sha jiya ba. Addu'a ba ta taɓa zama laifi ba, amma ɓoye dalilin ciwo zalunci ne ga mara lafiya. Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu cewa a bar shi ya ɗanɗana kuɗarsa, ai shi ya jawo. Haramcin giya ba abin muhawara ba ne, Suratul Ma'ida ta yanke hukunci. Amma a Sahihul Bukhari, da aka kawo wani da ya sha giya wasu suka yi masa mugun baki, Annabi (SAW) hana su ya yi, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Mu yau korar yaro muke yi daga ɗaki da sahun masallaci, mu miƙa shi ga mai tire.

Wanda ya wayi gari cikin wannan hali ya sani yawanci abin yana lafawa cikin yini guda. Ya sha ruwa sosai, ya ci abinci, ya nisanci kofi da goro da lemon ƙara kuzari don suna ƙara bugun zuciya, ya ja numfashi a hankali, ya yi alwala ya rama sallarsa, kada ya kulle kansa shi kaɗai. Amma wanda ya daɗe yana sha kullum, har hannunsa ba ya daina rawa sai ya kurɓa, kada a ce ya yanke dare ɗaya a ɗaki. Irin wannan yankewa na iya kawo jijjiga da gane-gane da ruɗewa cikin kwana biyu zuwa uku, har ta kai ga rasa rai. Asibiti za a kai shi, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba yana duba masu matsalar shaye-shaye, ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba.

Limamanmu na Juma'a a unguwannin Hausawa su kira paraga da sunanta a kan mumbari, su faɗa wa yara cewa abin da ke cikin ledar nan giya ce ko da an rubuta magani a jiki. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan dako da 'yan acaba su ware mutum ɗaya a kowace tasha wanda yaro zai iya samu a keɓe, ya raka shi asibiti ba tare da an kira gida an tona masa asiri ba.