Kafin 'yan sandan jiha: wa ke ciyar da wanda kotun Katsina ta tsare?

Duk inda aka zauna ana maganar tsaro a Katsina, ba a tashi sai wani ya kawo batun 'yan sandan jiha. Mutanen Batsari da Jibiya da Faskari sun ga abin da ya ishe su, don haka ba wanda zai ga laifinsu. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya, sashe na 215 kuma ya bar wa kwamishinan 'yan sanda ƙofar cewa gwamna ya dakata sai an ji ta bakin Abuja. Ni ma ina cikin masu ganin lokacin sake wannan tsari ya yi. Sai dai akwai wani iko da ya riga ya shigo hannun jihohi, ba a cika jin ana rububinsa ba.

A watan Maris na 2023, ana saura 'yan watanni ya koma Daura, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya cire gidajen yari daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu. Tun daga nan Majalisar Dokokin Katsina na iya yin doka, jiha ta gina gidan gyaran halinta, ta ɗauki gandirobobinta. A gyaran nan ne aka sakar wa jihohi harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa, kuma kowa ya ga yadda jihohi suka yi ta ɗokin dokar lantarki. Gidan yari kuwa ba ya kawo kuɗin shiga, ba a kuma yanka masa kyallen buɗewa da kiɗa.

A duba yadda ake tafiyar da mutum guda. A ce an kama matashi a wani ƙauye na Sandamu bisa zargin fashi. Ɗan sandan da ya kama shi na tarayya ne. Dokar da ake zargin ya karya yawanci ta jiha ce. Za a kai shi gaban majistare, ma'aikacin jiha, wanda ba shi da hurumin sauraren ƙarar fashi, saboda haka abin da zai iya kawai shi ne ya ba da umarnin a tsare. Motar gidan yari, ta tarayya, ta kwashe shi. Fayil kuma sai 'yan sanda sun kammala bincike sun aika ma'aikatar shari'a ta jiha, lauyan gwamnati ya duba ya ba da shawara: a gurfanar a Babbar Kotu ko a sallama. Hannu huɗu ke nan, gwamnati biyu, kuma babu ko ɗaya da zai rasa barci idan fayil ɗin ya kwana shekara a cikin durowa.

Wanda ya taɓa tsayawa a harabar kotun majistare da hantsi ya san sauran. Uwa ta taho tun asuba da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali, ta biya kuɗin mota zuwa da komawa. A kira sunan ɗanta, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce har yanzu ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a, alƙali ya duba kalanda ya ɗage. Ba a yi minti biyar ba. Tana fitowa wani ya tare ta a gindin bishiya ya ce ya san hanya, in za ta kawo wani abu.

Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke, kuma mafi yawansu laifin da ake tuhumarsu da shi na dokar jiha ne. Amma tarayya ce ke ciyar da su. A 2024 ta ƙara kuɗin abincin fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a rana. Jinkirin shari'a bai cin ko kwabo daga baitulmalin jiha. To ina dalilin da zai sa a ƙara lauyoyi a ma'aikatar shari'a, ko a sayi motar kai shaidu?

Ba dokoki muka rasa ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda yawancin jihohi suka yi irin tasu daga baya, ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko da kwana 14, ta kuma ɗora wa majistarori zagayen ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba shugaban hukumar a jiha damar sanar da Babban Joji idan gida ya cika, har ya ƙi karɓar sababbi idan ba a yi komai ba. Duk suna nan a rubuce.

Abin da nake gani shi ne, wanda kotun jiha ta tsare bisa dokar jiha, jiha ta ɗauki nauyinsa, ko a gidan da ta gina ko ta biya tarayya kuɗin kwanansa a Katsina ko Daura ko Funtua. Ranar da kwamishinan kuɗi ya fara ganin lissafin a teburinsa kowane wata, shi da kansa zai ɗaga waya ya tambayi Antoni Janar me ya riƙe fayilolin. Tarayya ta tsaya kan abin da ya fi ƙarfin jiha ɗaya: ta'addanci, safarar makamai da ƙwayoyi ta iyakar Jibiya da Kwangwalam, da laifin da ya tsallaka zuwa Zamfara ko Kaduna.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma suna da hujja. Kafin soja su haɗe komai bayan 1966, 'yan doka da gidan yari da kotun alƙali duk suna hannun En'e, wato hukumar sarakuna, kuma 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a lardin Katsina kamar yadda suka sha a Kano. Gwamnan da ke riƙe da ɗan sanda da mai gabatar da ƙara da mabuɗin kurkuku abin tsoro ne, ko da waliyyi ne. Shi ya sa ba zan goyi bayan a miƙa komai a dunƙule ba. Ɗaukaka ƙara ta ci gaba da zuwa kotunan tarayya, ƙa'idar kula da fursuna ta zama ɗaya a duk ƙasa, tarayya na da ikon shiga ta duba. Kuɗin kotunan jiha kuma su riƙa shiga hannun ɓangaren shari'a kai tsaye. A kan wannan ne ma'aikatan kotu suka rufe kotunan ƙasar nan sama da wata biyu a 2021.

Tun Oktoban 2023 da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, jiha ta riga ta sa ƙafa ɗaya a harkar kame. Duk wanda suka kama, 'yan sanda za a miƙa wa, ya bi layin nan da muka zayyana. Idan gobe aka amince da 'yan sandan jiha, kamen zai ƙaru, alhali yawan alƙalai da lauyoyin gwamnati da ɗakunan tsarewa yana nan yadda yake. Majalisar jiha ba ta buƙatar izinin Abuja kafin ta kira Antoni Janar da shugaban gidajen gyaran hali, su kawo sunan duk wanda ya haura wata shida a tsare ba a gurfanar da shi ba, da ofishin da fayil ɗinsa ya maƙale.