Masu cewa a kawo mana irin Jio Najeriya, ku ji ƙarshen labarin

Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, 'yan uwa ke ta turo mini saƙo iri ɗaya: "Ku da ke Indiya ai kun huta." Da gaskiyarsu. A nan sai ka biya kuɗi sau ɗaya a ba ka giga ɗaya da rabi kowace rana, da kira ba iyaka. Mai shayin unguwarmu ya liƙa lambar biyan kuɗi a jikin teburinsa, ga wata 'yar sifika tana shelanta duk rupee ɗin da ya shigo, direban Keke Napep kuma na gefe yana kallon wasan kurket a waya, ko a jikinsa.

Wannan arahar ta samo asali ne a watan Satumban 2016, lokacin da attajiri Mukesh Ambani ya buɗe kamfanin waya na Reliance Jio. Watanni ya kwashe yana raba data kyauta, kira ma kyauta. Jama'a suka yi tururuwa. Kamfanonin da ya tarar sun kai goma, amma da ƙura ta lafa Aircel ya durƙushe, Reliance Communications na ƙaninsa Anil ya rufe, Airtel ya haɗiye Telenor da Tata Docomo, Vodafone da Idea kuwa suka haɗe a 2018 don neman tsira. Har yau wannan haɗakar numfashi take da kyar, gwamnati ce ke riƙe da kusan rabin hannun jarinta saboda bashi.

Da aka rage saura kamfanoni masu zaman kansu uku, wato Jio da Airtel da haɗakar Vodafone da Idea, sai farashi ya juyo. An ƙara a 2019, an ƙara a 2021, a Yulin 2024 kuma duka ukun suka ƙara cikin kwana biyu kamar an haɗa baki. Watan nasu ma kwana 28 ne, wato sau 13 za ka biya a shekara.

Abin da nake so mutanenmu su tuna shi ne mu ma mun taɓa ganin irin wannan. A 2001 da MTN da Econet suka fara, kowannensu ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, layi ya fi ƙarfin talaka, kuma ko "Salamu alaikum" kaɗai ka faɗa an cire maka kuɗin minti guda. Aka ce mana lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Mike Adenuga ya shigo da Glo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan take abin da ba ya yiwuwa ya yiwu a wajen kowa. Kishiya ce ta gyara zaman gidan, ba tausayinmu aka ji ba.

To yau ina kishiyoyin? MTN na da fiye da rabin kasuwa, Airtel wajen kashi ɗaya cikin uku. (Airtel ɗin nan kuwa na Indiyawa ne, tun da kamfanin Bharti na Indiya ya saye shi a 2010 yana da suna Zain, don haka sun san wasan sarai.) Glo ya ja baya. Etisalat ya koma 9mobile a 2017 bayan bashin bankuna na dala biliyan 1.2 ya shaƙe shi, yanzu ma da ƙarafan sabis na MTN yake dogaro. Mun doshi inda Indiya ta isa, ba tare da mun ɗanɗani shekarun araharta ba.

Shi ya sa ban ga amfanin jiran wani attajiri ya zo ya yi mana rabon data ba. Abin da ke kashe ƙananan kamfanoni a gida a bayyane yake. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku akasari a Legas suke sauka, kafin a ja su zuwa Gusau ko Damaturu jihohi da dama sun karɓi kuɗin haƙa, masu aikin titi sun tsinke su, ƙarfen sabis kuma janareta ke riƙe da shi dare da rana. Babba ne kaɗai ke iya jure wannan. Gwamnonin Arewa su yafe kuɗin haƙar nan, NCC kuma ta tilasta wa manya su ba ƙanana hayar wayoyinsu da ƙarafansu a farashi mai sauƙi, don mutumin ƙauye ya samu layi na biyu da zai koma idan na farko ya ƙi ja.