Jek biyu da ƙanin matata

Tun da farko in faɗa, ba naira muke sawa ba. Kuɗin wasa ne da manhajar ke rabawa kyauta, ko biredi ba za su saya maka ba, don haka kar wani ya ɗauki zancen nan ya kai wa Baba. Amma sati uku na yi ina tara su, kuma wanda bai taɓa tarawa ba ba zai gane zafin ba.

Daren Asabar ne, shagon cajin nan na Bauchi Road, sanyin Jos na Disamba ya sa kowa ya cusa hannu a hammata. Mu shida muka buɗe tebur namu a waya, wasan katin nan na poker, irin wanda ba a ƙayyade abin da za ka zuba ba. Aka raba, na leƙa: Jek biyu, duka baƙaƙe. Na ƙara kuɗi, kowa ya gudu sai wani mai hoton mage.

Katunan tsakiya, waɗanda kowa ke haɗawa da na hannunsa, guda uku suka fito: 9, 7, 3, biyu masu zuciya.

Farfesa yana bayana yana leƙe, kamar kullum. Kun san shi, shekara ɗaya ya yi yana karanta lissafi a jami'a ya bari, amma har yau ko kuɗin keke sai ya yi maka bayaninsa da kaso. Ya ce, "Zuba da yawa. Yanzu kai ne a sama, amma hannun nan ɗanyen ƙwai ne a aljihu. Kati 47 ne ba ka gani ba. As, Sarki da Sarauniya guda 12 ne, kowanne ya fi Jek. Haɗa da sauran masu zuciya, da za su iya cika wa wani zuciya biyar ya doke ka, kati 20 ke nan da za su ɓata maka rai. Wanda ke son ganin na gaba, ya biya."

Na ce masa, da ƙarfi fa, har da ɗaga yatsa, "Farfesa, mai Jek biyu ba ya gaggawa. Tarko zan ɗana."

Na wuce ban zuba komai ba. Mai mage ma ya wuce. Na huɗu ya faɗo: Sarki, kuma mai zuciya. A cikin 20 ɗin nan duka, wanda ya haɗa masifa biyu shi ya zo. Na sake wucewa, yanzu kam ba tarko ba ne, cikina ne ya ɗuri ruwa. Mai mage ya turo duk abin da ya mallaka.

Agogon manhajar ya fara ƙirgawa. A daidai nan Kawu mai gyaran rediyo ya sako baki. Mutumin nan ya rantse whot muke yi, an yi masa bayani ya fi sau goma. "Ɗana, ka ba shi ya ɗauki biyu mana!" Na ce Kawu ba a ɗauka a nan. "To je kasuwa." Na ce babu kasuwa. Ya ce wasan da babu kasuwa ai ba wasa ba ne, a zamaninsu a Gangare har asuba suke kaiwa. Wannan Kawun ne fa rediyona ke hannunsa tun kafin azumi, kullum sai ya ce saura waya ɗaya. Wace irin waya ce, daga Chaina ake ƙero ta da hannu?

Saura daƙiƙa biyar. Farfesa ya yi gum, wai ya riga ya faɗi nasa. Na yar da katin.

Mai mage ya danna ya nuna nasa: 4 da 2. Babu zuciya, babu Sarki, babu ko uban komai. Sai rubutu ya fito a gefe: "Sannu da tarko, Yaya."

Yaya? Na ɗago kai. Can lungu kusa da janareto, ƙanin matata ne a kan benci, ya ja hular sanyi har gira, kafaɗunsa na rawa. Yaron da ni na biya masa kuɗin mota zuwa sansanin bautar ƙasa. Ashe tun ɗazu yana nan, ya ji ni da bakina ina shelar Jek biyu kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Ya ce, "Wallahi Yaya da ka zuba ko kaɗan ne da na gudu." Har da wallahi. Shago ya ɗauki dariya, mai shayi na tsallake ya taso da ludayi a hannu yana tambayar wa ya faɗi. Kawu ya ce ai da na ji maganarsa na je kasuwa.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na yi sallama, ta amsa, ta ajiye min abinci, ta ce a ci a hankali, mai Jek biyu ba ya gaggawa.

Farfesa kuma ya turo min lissafin a WhatsApp har shafi biyu, ban buɗe ba. Kuɗin shayi da ƙwai na ranar Laraba dai har yanzu bai ba ni ba.