Kitse ne ya koma sabulu a gawar nan

Assalamu alaikum. Na karanta labarin gawar da ruwan sama ya tono a maƙabarta aka tarar ba ta ruɓe ba, na kuma ga masu sharhi har sun fara cewa waliyyi ne. Allah Ya jiƙan mamacin. Hadisi ya tabbata cewa ƙasa ba ta cin jikin Annabawa, amma wannan farin abu mai maiƙo da aka gani a jikin gawar, likitoci sun san shi.

Kitse ne. Idan aka binne mutum a laka mai jiƙa, inda iska ba ta shiga, ƙwayoyin cutar cikin hanji sukan farfasa kitsen, ya haɗu da ruwa da gishirin ƙasa, ya daskare kamar kakin zuma. Duk wanda ya ga ana dafa sabulun salo da toka da mai, to kusan aikin ke nan, sai dai wannan a hankali yake, watanni. Da ya daskare kuma sai ya hana ruɓa ci gaba, har siffar fuska takan tsaya shekaru da yawa. Wani masani Bafaranshe, Fourcroy, ya yi bayaninsa bayan an kwashe wata tsohuwar maƙabarta a birnin Faris a 1786.

Mu a Kano, kaburburan da ke bakin kududdufi su suka fi haɗuwa da haka, musamman na masu jiki. A busasshen yashi kuwa gawa bushewa take yi.

Masu yawo da hotonta a Facebook, don Allah ku goge, tana da 'yan uwa.