Yadda na ƙara wa Damagaram dutse guda

Duk wanda ya san Damagaram ya san ba ta rasa duwatsu ba. Tun daga Birni ga su nan jibge kamar giwaye sun kwanta hutawa. Ni ne dai na ga ba su isa ba, na ƙara guda a tsakar gidana, da kuɗin aljihuna.

A Sabon Gari na tashi, cikin gidan bulo da rufin kwano. Abin da na sani game da ginin ƙasa bai wuce kallon zane da zankwayen tsofaffin gidajen Birni da Zango ba in na bi ta wajen. Da aka tura ni koyarwa wani ɗan gari a kan hanyar Mirya, mai gari ya ba ni gidan ƙasa: zaure, ɗaki biyu, rufin azara, bango mai kauri wanda da rana tsaka cikinsa sanyi kamar randa. Kowa a garin Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal, kuma tun daren farko kwanon tuwo huɗu ya shigo daga gidajen da ban san masu su ba.

Aibin ɗakin guda ne. An shafe shi da farar ƙasa tun ba a san shekara ba, ta tsufa ta zama gari. Uwargida ta jingina da baƙin hijabi ta tashi kamar wadda ta kwana a injin niƙa. Ta ce, "Malam, ɗakin nan kullum sai ya yi mini kwalliyar da ban roƙa ba." Na ce ta ba ni mako guda. Na riga na kalli yadda ake fenti a waya har sau uku.

Lissafi kuwa sana'ata ce. Ɗakin mita 4 ne da 3, tsayi mita 3. Kewaye 14, a ninka da 3, mita 42. A cire ƙofa da taga, saura wajen 39. A jikin gwangwani an rubuta lita guda tana shafe kusan mita 10, wato lita 4 shafi ɗaya, lita 8 shafi biyu. Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, na shiga Damagaram na sayo fentin mai kore gwangwani biyu, da rola, da buroshi. Kananzir na tsinka shi kuwa na manta da shi sarai.

Kafin in ce a fitar da kaya, labari ya zaga gari. Mata suka shigo da sallama, kowace ta ɗauki abin da hannunta ya kai. Jeren uwargida, kwanoni da samiru da langa da kwalla, ya watsu gida shida cikin rabin sa'a, wai kada ƙura ta taɓa shi. Gado ya tafi zauren liman. Na ɗauko takarda zan rubuta wa ya ɗauki me, uwargida ta harare ni ta ce, "Kana so a ce mun ɗauke su ɓarayi?" Na mayar da alƙalami aljihu.

Tsohon maginin garin, wanda kowa ke ce wa Baba, ya zo ya tsaya bakin ƙofa. Ya shafa bango da tafin hannu, ya dubi hannun fari fat, ya dubi gwangwanin, ya dube ni. Ya ce, "Mushe, a kan wannan za ka sa wancan?" Na ce e, Baba, na gani a waya. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya samu inuwa ya zauna. Da na san ma'anar wannan zaman, da na ajiye rola.

Fenti yana kama abin da ya tarar ne. In ya tarar da bango mai ƙarfi, ya kama bango. In ya tarar da gari, garin zai kama, garin kuwa ba ya riƙe da komai. Gwajin ma ba ya cin ko dala: shafa hannu, in ya fito fari, bangon bai shirya ba, sai an kankare an share. Ni ban kankare ba. Na tura rola sama ta bar kore, na jawo ta ƙasa ta kwaso koren tare da farar ƙasar, ta naɗe su kamar tabarma. Inda ya zauna kuma, ƙasa ta tsotse man nan take. Lissafin mita 10 na bangon siminti ne mai sulɓi wanda aka yi wa shafin farko. Bangon ƙasa ƙishirwarsa ba ta da iyaka. Gwangwani guda ya ƙare ban gama bango ɗaya ba.

Nan maƙwabcina Bafulatani ya shigo taimako. Ni jinin Barebari ne, saboda haka tun ranar da na sauka yake kirana bawansa. Ya leƙa gwangwani na biyu ya ce, "Kai bawana, abin nan ya yi kauri, shi ya sa ba ya auki." Kafin in buɗe baki ya tuttula rabin buta a ciki ya dama da kara. Na ce masa wannan ba nonon gidanku ba ne da ake ƙara wa ruwa. Fentin ruwa ne ake tsinkawa da ruwa, na mai sai kananzir ko tina. Abin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, ruwa gefe, kore gefe. Ya dube shi ya ce ai ko nonon ma in ya yi haka sai a kaɗa a cire mai.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na yanke cewa laifin bangon ne, maganinsa a yaɓe shi da siminti ya zama kamar na birni. Na sake zama lissafi. Shafe mai kaurin santimita ɗaya da rabi, siminti kashi 1 yashi kashi 4, buhu mai kilo 50 yana rufe mita 9 zuwa 10. Buhu huɗu ke nan, in an yi tsimi. Amalanke ta kawo su, wata ta kawo yashi daga kwari. Watan Afrilu ne, zafin bazara ya haura 40, ruwa kuwa a ƙasar Damagaram ba abin wasa ba ne, da jarka mai lita 25 ake kawo shi a bayan jaki.

Baba ya matso da tabarmarsa kusa. Yanzu har da abokansa biyu da goro.

Samarin gari suka ce ba zai yiwu Mushe ya kwaɓa siminti da kansa suna raye ba. Na shiga ɗaki ɗauko cokalin gini, na fito na tarar sun farke buhu huɗun gaba ɗaya, sun haɗe da yashi, sun buɗe rami a tsakiya sun juye jarka bayan jarka. Na yi godiya, don ban san abin da suka yi mini ba. Siminti daga sa'ar da ya sha ruwa ya fara ƙirga lokaci. A irin wannan zafi, abin da ka san za ka shafe cikin rabin sa'a shi kaɗai ake kwaɓawa, ƙwarya-ƙwarya.

Ko da haka da na rage asara, ba don gaisuwa ba. A garin nan ba a wuce mai aiki. Kowa ya zo sai ya tsaya: sannu da aiki, ina gajiya, ina iyali, ina zafi, ina baƙunta, yaya ƴan makaranta, ya muka ji da rashin ruwa. Kuma ba a amsa wa dattijo kana ba shi baya da cokali a hannu. Sai ka sauko daga kan turmi, ka goge hannu, ka russuna. Na ƙirga mutum goma sha ɗaya kafin azahar. Sai ga fura daga gidan liman, an ce a sha tun da sanyinta. Sai salla. Da na dawo na soka shebur cikin kwaɓin, shebur ta yi ƙara ta dawo mini. Na zuba ruwa in farfaɗo da shi, ruwan ya gangare ta gefe. Ko da ya karɓa ma banza ne, simintin da ya fara kamawa in an sake dama shi ƙarfinsa ya tafi. Rabin kwaɓin, buhu biyu cur da yashinsu, ya daskare a tsakar gida.

Bango biyun da na samu na shafe kuwa sun yi kyau kwana uku. Ban jiƙa bangon kafin shafe ba, ƙasa ta zuƙe ruwan kwaɓin ta baya, zafi ya zuƙe ta gaba. Ban yi masa ban ruwa safe da yamma na mako guda ba, yadda ake yi. Rana ta huɗu ya tsattsage kamar ƙasan tabki da rani. Ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji yana amsawa kamar ganga, alamar babu abin da ya haɗa shi da bango. Daren Juma'a muna kwance a tsakar gida saboda zafi, muka ji rugugi. Na shiga da tocila, na tarar bango guda ya saki shafensa falle ɗaya, kamar ƙanzo ya bar tukunya. Kafin in fito, maƙwabta sun cika gidan da sanduna, sun ɗauka ɓarawo ne. Bafulatanin ya haska ɓaraguzan ya ce, "Alhamdu lillahi, ɓarawon na gida ne."

Da safe na je na durƙusa gaban Baba. Na ce, Baba, me ya sa ba ku hana ni ba? Ya ce, "Kai malami ne, ɗana, kuma ka ce ka gani a waya. Ni wa ya tambaye ni?" Sannan ya yi mini karatun da ban biya ba. Ƙasa tana shan laima ta kumbura, ta bushe ta koma, siminti kuwa ba ya motsi, to dole su rabu. In damina ta zo, laimar da ke hawa daga gindin bango ba ta samun hanyar fita, sai ta taru a bayan simintin ta jiƙa ƙasar, gara kuma ta samu ɗaki mai duhu. Masu dagewa sai sun sa siminti sukan kafa tsakuwa ko ƙusoshi a bangon, ko su ɗaura ragar waya, su yi kwaɓi mai yawan yashi. Shi dai a ganinsa, ƙasa ƴar'uwarta take so.

Aka sa ranar gayya. Amma kafin nan sai da aka yi gwaji, abin da ya fi burge ni cikin aikin duka. Baba ya kwaɓa ƙasa mai danƙo da yashi iri uku, ya manna kowane a bango faɗin tafin hannu, aka bar su kwana. Wanda ya tsage, danƙo ya yi yawa. Wanda ya marmashe in an murza, yashi ya yi yawa. Na tsakiya, ƙasa kashi 1 yashi kashi 2, shi ya zauna lafiya, kuma ya gargaɗe ni kada in riƙe wannan a matsayin doka, kowace ƙasa da halinta. Aka zuba ƙaiƙayi da kashin jaki, aka jiƙa, yara suna tattakawa kullum har kwana biyar, sai da ya ruɓa ya yi wari ya yi yauƙi. Zaren da ke ciki shi ke hana tsagewa. Aka kankare korena da sauran simintin da tsohuwar farar ƙasa, aka karce bangon don ya samu wurin kamu, aka yayyafa masa ruwa da daddare da kuma asuba. Shafin farko da hannu ake jefa shi da ƙarfi, kaurin yatsa. Ya sha iska, aka bi da na biyu, siriri, aka goge. Aikina a ranar miƙa ruwa ne, kuma ko shi sai da wani yaro ɗan ajina ya gyara mini riƙon bokiti.

Farar ƙasar ma ashe ba ita ce mai laifi ba, rashin ƙaro ne. Aka jiƙa ta kwana guda, aka tace da tsumma, aka tsinka ta kamar koko mai ruwa-ruwa. Aka narka ƙaro cikin ruwan ɗumi, kamar cikin tafi guda ga bokiti, aka ɗiga bula kaɗan don farin ya fito. Shafi uku sirara, kowane sai ya bushe, sun fi guda mai kauri wanda zai ɓare. In ƙaron ya yi yawa kuma shi ma ɓarewa yake yi. Mata suka karɓi ƙasan ɗaki, suka baza tsakuwa, suka yi ta dukanta da madaɓi suna waƙa, suna yayyafa ruwan bagaruwa, irin wadda majema ke jima da ita, har daɓen ya yi duhu ya yi ƙyalli. Cikin waƙar na ji an ambaci wani mai kore, ban tsaya bincike ba. Uwargida ta jingina da baƙin hijabinta da gangan, ta tashi ta duba, ba ta ce komai ba. A wajenta wannan yabo ne.

Sai dawowar kaya. Babu kwanon da ya dawo wayam: wannan gyaɗa, wannan gero, wannan kuka, wannan busasshen tumatir. Uwargida ta ƙirga jerenta ta tarar ya ƙaru da samira biyu da babu wanda ya yarda tasa ce. Kwalla babba ce kaɗai ba ta dawo ba. Na aika, aka ce a ba Mushe haƙuri, kaza ta yi ƙwai a ciki ta kwanta, ba a tashinta sai ta cika kwana 21. Da ta cika, aka kawo kwallar da ƴan tsaki uku a ciki, wai kuɗin haya.

Dutsen kuwa yana nan. Mun gwada shi da diga, diga ta gaji. Awakin maƙwabta suna hawa su yi tuƙa da hantsi, Baba yana zama kansa in ya zo shan shayi, ya ce bai taɓa ganin aikina mai ƙarko kamarsa ba. Kwanan baya wani ɗan'uwana ya zo daga Damagaram, ya tambayi gidan malamin lakwal a bakin kasuwa. Aka haɗa shi da yaro, aka ce, "Kai shi gidan Mushe mai dutse."